Koyon Walda a Kudancin Kaduna: Daga Ɗigon Farko Zuwa Takardar Shaida

Yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare a Kakuri ko Nasarawa ko Sabon Tasha, ya ce shi walda yake so, bai yi zaɓin banza ba. Abin da ya rage shi ne a nuna masa hanya, don hanyar biyu ce, kuma yawancin iyaye guda ɗaya suke gani. Wasu su kai shi shagon bakin titi su damƙa wa maigida, wasu su kai shi makarantar fasaha su koma gida su naɗe hannu. Ni a ganina duk wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ya yi wa yaron rabin gata. Shago na ba da hannu da sauri da sanin ciniki. Makaranta na ba da awo da karatun zane da dalilin abin da hannu ke yi, sannan ta ba da takarda. Mai waldar da ake nema da kuɗi mai kauri shi ne wanda ya haɗa su.

Wannan ɓangare na garin Kaduna, ƙetaren kogi, masana'antu ne suka raya shi. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, shekarar da aka kafa hukumar ƙera makamai ta DICON. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai da ke hanyar Kachia kuma aka buɗe ta a 1980. Babu ɗayansu da ke tafiya ba tare da masu walda ba. Da masaƙu suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, aikin ƙarfe bai mutu tare da su ba, bakin titi ya koma. Duk gidan da ake ginawa daga Unguwar Romi zuwa Gonin Gora yana son ƙofar get, da tagogi, da ƙarfen ɗora tankin ruwa. Ga injin niƙa, ga bodin tirela, ga rumfunan kasuwa. Aiki akwai shi. Ƙwararre ne ke wuya.

Inda za a kai yaro

Makarantar fasaha shekara uku ce bayan ƙaramar sakandare, a ƙarshe a zauna jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, a sami shaidar NTC a fannin walda da ƙere-ƙeren ƙarfe. Ba a ajiye lissafi da Turanci da kimiyya don an ɗauki walda. Tare ake yin su, kuma wanda ya ci su da kyau yana iya rubuta JAMB ya wuce gaba kamar kowane ɗalibi. Wannan ya kamata iyaye su ji da kyau, don har yau akwai masu ɗaukar makarantar fasaha a matsayin matattarar waɗanda boko ya gagara.

A cikin gari akwai Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Malali, sai dai ɗan Kudanci zai riƙa ƙetare gada kullum, a sa kuɗin mota a lissafi tun farko. Akwai ta gwamnatin tarayya a Kafanchan ga mai son kwana. A nan Kakuri kamfanin Peugeot na da cibiyar koyarwa, ga wanda hankalinsa ya fi karkata ga aikin mota. Ko wacce aka zaɓa, kada a tsaya a ofishin shugaba ana kallon allon sanarwa. A nemi a shiga ɗakin aiki. A ƙirga injinan da ke tashi, ba waɗanda aka jera ba. A tambaya wa ke sayen sandar walda, kuma me ake yi ranar da babu wuta. Yaron da ya shekara yana kwafar zanen injin a littafi bai riƙe shi ba, ba walda ya koya ba.

Shago kuma a zaɓe shi da ido, ba da zumunci kaɗai ba. A je a duba aikin maigidan kafin a shafa masa fenti. Wanda ke cike ramukan waldarsa da fila ya rufe da jan fenti, abin da zai koya wa ɗanka ke nan. A yi magana a gaban shaidu kan tsawon lokacin koyo da ranar yaye, kuma a amince cewa yaron zai riƙa zuwa ne bayan an tashi makaranta da ranakun hutu. 'Ya mace ma tana iyawa; sandar walda ba ƙarfin damtse take so ba, natsuwar hannu take so.

Kafin a kunna inji

Abu na farko da za ka mallaka, ƙanena, ba inji ba ne, garkuwar fuska ce mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11. Baƙin tabarau na kwalliya da ake gani a fuskar samari a bakin titi ba ya tare hasken da ke ƙona ido. Mugun abin shi ne ba nan take ake ji ba. Sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi cikin dare, ido ya yi ja, ya riƙa hawaye da raɗaɗi, ya ƙi haske. In ya same ka, ka ɗora tsumma mai sanyi, ka zauna a duhu, kada ka yarda a ɗiga maka madara ko ruwan sukari ko wani haɗin gida. In ya wuce kwana ɗaya bai lafa ba, ko kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne ya faɗa ciki, asibiti za ka nufa. Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna take. Gurza da yanka kuma farin tabarau suke so, don giranda ta fi wutar walda tsiyaye idon mutane.

Sai safar hannu ta fata, da takalmi mai rufi, da riga mai dogon hannu ta auduga. Rigar ƙwallo ta roba narkewa take yi ta manne a fata. Da damina kada ka tsaya a jiƙaƙƙen wuri, kada ka canza sanda da jiƙaƙƙen hannu: ko ba a walda, tsakanin wayoyin injin guda biyu akwai wutar da takan kai bolt 50 zuwa 80, kuma ta isa ta kashe mutumin da ke tsaye cikin ruwa. Wayar da ta saɓule a naɗe ta ko a canza ta yau, ba gobe ba.

Inji da sanda

Injin da aka fi gani iri biyu ne. Akwai babban tiransifoma naɗin gida, mai nauyi, mai jure wahala, mai shan wuta har fitilun maƙwabta su riƙa lumshewa. Akwai ƙaramin inbata da ake ratayawa a kafaɗa, mai maɓallin da ke nuna ƙarfin wuta da lamba. Ga mai koyo inbata ta fi, don yana ganin abin da ya sa, gobe ya iya maimaitawa. A jikinta za ka ga an rubuta wani kaso, misali 60 cikin ɗari a wani ƙarfin wuta. Ma'anarsa a cikin kowane minti 10, shida ne na aiki, huɗu na hutu. Wanda ya ƙi kula da wannan zai san hanyar mai gyara.

Sandar walda, wato ilaktirod, ƙarfe ce a ciki da ɓawo a waje. Ƙarfen ne ke narkewa ya cike mahaɗa. Ɓawon yana ƙonewa ya ba da hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe daga iska, sauran ya daskare a sama ya zama kashin da ake ɓamɓarewa da guduma. A kasuwa da geji ake kiranta. Geji 12 kaurinta milimita 2.5, tana son amfiya 60 zuwa 90, ita ce ta siraran bututun taga da ƙofa. Geji 10 milimita 3.2 ce, amfiya 90 zuwa 130, ta angul da ƙarfe mai ɗan kauri. Geji 8 milimita 4 ce, ta manyan ayyuka. Lambar da ke jikin kwali ma magana ce. E6013, wadda kusan kowane shago ke amfani da ita, 60 ɗin farko ƙarfin waldar yake nufi, 1 kuma na nufin ana iya aiki da ita a kwance, a tsaye, har sama da kai. E7018 ta fi ta ƙarfi, ita ake nema a aikin da zai ɗauki nauyi, amma ba ta shiri da laima ko kaɗan. Daga Mayu zuwa Oktoba a garin nan, duk sandar da ta kwana a buɗe ta sha raɓa, kuma waldarta za ta fito da ƙananan ramuka. A ajiye kwali a rufe, nesa da ƙasa.

Layin farko

Samo guntun faranti mai kaurin milimita 6, ka goge tsatsa da fenti da mai har ƙarfen ya yi fari. Maƙala wayar dawowa, wato wadda ba ta riƙe sanda, a jikinsa sosai, ba a kan tarin ƙarafa da aka jingina da juna ba. Sa geji 10, ka ɗora inji a kan 100 zuwa 110. Zauna ko ka tsaya yadda gwiwar hannunka za ta sami madogara.

Sauke garkuwa, sannan ka ƙyasta bakin sandar a kan farantin, ka ɗan ɗaga. Za ta manne, ba sau ɗaya ba. In ta manne ka murɗa ta gefe da sauri ta saki. In ta ƙi, ka sake ta daga mariƙi kafin ta yi ja. Da wuta ta kama, tazarar da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe kada ta wuce kaurin ƙarfen sandar, wato kamar milimita 3. A nan ne aikin yake, don sandar na ƙarewa tana gajarta, dole hannu ya riƙa sauka a hankali yayin da yake tafiya gefe. Karkata ta kaɗan, digiri 10 zuwa 15, zuwa inda ka nufa, ka ja ta, kada ka tura.

Masu koyo hasken suke kallo. Ba shi ne abin kallo ba. A bayan bakin sandar akwai ɗan kududdufin narkakken ƙarfe mai sheƙi, ga kashi mai duhu-duhu yana bin bayansa. Shi za ka zuba wa ido. In faɗinsa ya kai ninki biyu na sandar, ka matsa; in ya tsuke, ka rage sauri. Kada ka bar kashin ya sha gabansa, don zai shige ciki ya zauna. Kunne ma na aiki: in komai ya daidaita za ka ji ƙara a jere kamar ana tuyar ƙosai a mai mai zafi. In ka ji tana fashe-fashe tana watsa tartsatsi, ka ɗaga hannu da yawa ko wuta ta yi yawa.

Bari ya ɗan huce, ka ɓamɓare kashin, ka karanta abin da ka rubuta. Layin da ya yi tudu siriri a kan ƙarfe bai shiga ba, wuta ta yi kaɗan ko ka yi gudu. Wanda ya baje ya zaizaye gefensa ya bar kwari, wuta ta yi yawa. Ramuka na nuna datti ko laima ko doguwar tazara. Mai kyau faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, da zane-zane a jere, gefensa ya narke ya saje da farantin, kashinsa kuma da ɗan taɓawa yake tashi. Cika farantin da layuka, kowane ya hau kusan rabin na baya, ka juya ka cika bayan. Aikin na gundura, na sani, amma babu wata gajeriyar hanya.

Daga nan sai haɗa biyu. Kafa faranti ɗaya a tsaye a kan ɗaya a kwance, ka ɗiga a bakin nan da bakin can, ka ja layi a lungun da sanda a digiri 45, gefe ɗaya kawai. In ya huce ka sa guduma ka kwantar da na tsayen ta kan waldar har ta karye, ka duba cikin karayar. In wuta ta ci har can ƙuryar lungun, ka yi. In ka ga bakin farantin yana nan lafiya lau da shatin yankansa, to manna shi ka yi, ba walda ba. Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, kuma shi ne bambancin get ɗin da zai shekara ashirin da wanda zai saki hinji kafin damina biyu. Siririn bututu kuwa, da ke hujewa da an daɗe a wuri ɗaya, da geji 12 ake bin sa, wuta ƙasa-ƙasa, ɗigo bayan ɗigo, kowane ya hau na baya tun bai gama hucewa ba.

Taga ɗaya, daga awo zuwa fenti

A ce an ba ka ƙarfen taga mai faɗin santimita 120 da tsayin 90. Je ka auna ramin da kanka, sama da ƙasa da tsakiya, don ginin magina ba kullum yake miƙe ba. Kada ka karɓi awo ta waya. Da bututu mai kusurwa huɗu na santimita 2.5, firam zai ci santimita 420. Yanke bakunan a digiri 45 don su haɗu ba rami. Shimfiɗa su a wuri mai lebur, ka sa sikwaya, ka ɗiga kowace kusurwa ɗigo ɗaya tak.

Yanzu ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka sake ja ta ɗaya ɓangaren. Dole su zo ɗaya, kuma a wannan awo 150 za su ba ka. In ɗaya ta fi, ka ɗan bugi doguwar har su daidaita. Lissafin 3, 4, 5 ke nan da ake koyarwa a aji yara na hamma, ga shi ya zo neman abinci. Sai ka ƙara ɗigo, sannan ka yi walda, amma ba a jere ba: ka yi wannan kusurwa, ka tsallaka kishiyarta. Ƙarfe na buɗewa da zafi ya tsuke in ya huce, ya ja aikin zuwa inda aka yi waldar. Wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan zai ɗaga firam ya ga ya murɗe.

Cikin firam ya rage 115 a faɗi, 85 a tsayi. Rodi 10 masu kaurin milimita 12 za su cinye santimita 12, saura 103, a raba gida 11, kowace tazara ta zama kusan 9.4. Kada ta wuce 10, don kan yaro ƙarami kada ya shiga. Ka kuma ba mai gida shawara, ko bai tambaya ba, a bar taga ɗaya a kowane ɓangare mai buɗewa daga ciki. Ƙarfen da ke hana ɓarawo shiga shi ne ke hana mutanen gida fita ranar gobara.

Gurza don a share tartsatsi ne da kaifi, ba don a cinye waldar ba. A goge, a shafa jan fentin hana tsatsa, ya bushe, sannan launi. Wajen kuɗi kuma rubuta komai: bututu, rodi, sanda, faifan yanka, fenti, man janareta, dako, sannan ladan hannunka a kai. Farashin ƙarfe a kasuwar Panteka ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka ka tambaya ranar da za ka yi ciniki, ka karɓi kuɗin kaya ka saya a ranar. Kuɗin aikin wani ba a fara aikin wani da shi. Nan ne yawancin masu walda ke zubar da mutuncinsu, ba a bakin wuta ba.

Ayyuka biyu ka yi hattara da su. Tanki ko durom da ya taɓa ɗaukar fetur ko gas ko wani sinadari, ko an ce ya shekara a bushe, ba aikin mai koyo ba ne. Tururin da ya rage a ciki ne ke fashewa, kuma ɗauraya da ruwa ba ta isa ba. Ka ce a'a, ko wa ya kawo. Farin bututun ruwa mai rufin zinki kuma hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki. A goge rufin a inda za a yi walda, a yi a fili, iska na kaɗa hayaƙin gaba. Madarar da ake sha bayan aiki abinci ce, ba ta wanke huhu.

Bayan get da taga

Wanda ya tsaya a E6013 da aikin kwance zai ci abinci, amma zai yi ta gogayya da shaguna goma a layi ɗaya, kowa na karya farashi. Matakin gaba shi ne walda a tsaye daga ƙasa zuwa sama, da ta sama da kai, sannan bututu. Ka nemi inda za ka taɓa waldar agon, wadda ake yi wa ƙarfen da ba ya tsatsa da alminiyam, irin aikin da kamfanonin abinci da abin sha na Kakuri da Kudenda ke buƙata. A manyan ayyuka, irin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar a 2020, ba a tambayar shekarunka nawa a shago. Guntun bututu za a kafe a karkace, digiri 45, ba a juya shi, a ce ka zagaye shi. Gwajin da ake kira 6G ke nan. Sannan a yanka a lanƙwasa, ko a ɗauki hoton cikinsa. Fila da fenti ba su da wurin ɓuya a nan.

Takarda kuma matakai ce. Bayan NTC akwai ANTC. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Mai son difloma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samo asali tun 1956, ga kuma Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun a Jihar Delta, wadda ta yi suna a fannin walda. Wanda ya riga ya girma a shago bai shiga aji ba, shi ma ƙofa ba ta rufe ba. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin NSQ da ake auna abin da hannu ya iya a ba shi shaida, kuma Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugabantar kwalejin Kaduna kafin ya koma hukumar, ya yi ƙoƙarin jawo masu sana'ar Panteka cikinsa.

Ku kuma iyaye da masu shaguna, roƙona ɗaya ne. Kada yaro ya shekara biyu yana sayo abinci da riƙe ƙarfe ido buɗe ana walda a gabansa, ana ce masa ya kau da kai. Ku saya masa garkuwarsa tun ranar farko, ku ware masa guntayen ƙarfe da 'yan sanduna ko biyar ne a rana, ku bar shi ya ƙona su, ya karya abin da ya haɗa ya duba cikinsa.